Akawun Ɗakin Gwajin Ƙanjamau

A bayan ɗakin gwaji na yawancin manyan asibitocinmu akwai wani ɗan ɗaki da majinyaci ba ya shiga. Tebur ɗaya ne a ciki, ko biyu, da kabad ɗin ƙarfe mai kwaɗo, da kwamfuta da ake lulluɓewa da tsohon zane saboda ƙura. A gefe an jera manyan littattafai, irin waɗanda in an buɗe guda ɗaya sai ya cinye teburin. Ba a yin allura a nan, ba a ba da magani. Amma duk wanda aka huda wa yatsa don gwajin ƙanjamau, ko a ɗakin awon ciki ne, ko a sashen masu tarin fuka, ko a rumfar da aka kafa a bakin kasuwa, labarinsa sai ya biyo ta kan wannan tebur kafin wata ya ƙare. Ma'aikatan asibiti na kiran mai ɗakin "mai data". Ni na fi son in kira shi da sunan da iyayenmu suka san mai irin wannan aiki, wato akawu, domin a tushe aikinsa ɗaya ne da na akawun kanti: me ya shigo, me ya fita, me ya rage. Sai dai shi mutane yake lissafawa, kuma mafi yawansu ba sa son kowa ya san sun zo.

Wadda na fi zama da ita a cikin masu wannan sana'a mace ce, ta yi karatun adana bayanan lafiya a ɗaya daga cikin makarantun kimiyyar lafiya na jiha. Ba zan faɗi sunanta ba, ba zan faɗi asibitin ba. Ita ma da za ta ba ku labarina, ba za ku ji sunana a bakinta ba, haka aikin ya horar da ita.

Ɗanyen kayan wannan sana'a ba a ɗakin akawu ake samun sa ba, a ɗakin nasiha ake haƙo shi. Mutum ya shigo, an rufe ƙofa, mai nasiha ta gaishe shi, ta yi masa bayanin abin da za a duba, sannan ta tambaya: "Baba, ka yarda a duba jininka?" In ya ce a'a, magana ta ƙare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa sharuɗɗa biyar da ba a yin gwajin sai da su: yardar mutum, rufe sirrinsa, yi masa nasiha, ba shi sakamako na gaskiya, da haɗa shi da magani ko hanyar kariya. In ya yarda, sai a ɗauko fom ɗin karɓar baƙo. Shekarunsa nawa, namiji ne ko mace, yana da aure ko babu, ya taɓa yin gwajin, in ya taɓa yaushe, kuma ta wace ƙofa ya shigo yau. Wannan takarda guda ita ce audugar da za a kaɗa, a saƙa, har ta zama rahoton ƙasa.

Sai gwajin kansa. Tsarin da Nijeriya ta daɗe a kai na bi-da-bi ne. Ana farawa da tsinken Determine: a goge yatsa, a huda, a ɗiga jini, a ƙara ruwan maganin, a jira minti 15. Layi ɗaya ya fito a gurbin tabbatarwa, ba a ga komai ba. Layi biyu, akwai alama, amma ba a faɗa wa mutum komai tukuna, sai an sake da Uni-Gold. In biyun suka saɓa, Stat-Pak ke raba gardama. In kuwa layin tabbatarwar bai fito ba sam, tsinken ya lalace, a jefar a ɗauko wani. Kuma da yake ba ƙwayar cutar kanta gwajin ke gani ba, alamar yaƙin da jiki ya fara yi da ita yake gani, wanda bai daɗe da kamuwa ba zai iya fita da layi ɗaya. Shi ya sa akan ce wa wanda ake zargin ya haɗu da cutar kwanan nan ya dawo a sake. Akawu ba ya riƙe tsinke, amma dole ya san duk wannan kamar yadda ya san hanyar gidansu, domin kowane ɗaya daga cikin waɗannan abubuwa yana da gurbinsa a littafi, kuma kowane ɗaya yana iya ɓata lissafi.

Ga misali. Mutum ɗaya aka yi wa tsinke uku a zama ɗaya. Nawa za a rubuta? Ɗaya. Ma'aunin da ake kai rahoto a kansa ba yawan gwaji yake ƙirgawa ba, yawan mutanen da aka gwada kuma suka karɓi sakamakonsu yake ƙirgawa. Wanda aka huda wa yatsa ya ce zai je ya yi alwala, bai dawo ba, wannan bai cika sharaɗi ba. Wanda aka sake gwadawa don tabbatarwa kafin a ɗora shi kan magani, ba sabon mutum ba ne. Sabon ma'aikaci yakan yi watanni kafin wannan ya zauna masa.

Daga fom sai rajista. Kowane mutum da layinsa: lambar jeri, kwanan wata, lambar da ta tsaya a madadin sunansa, sannan akwatuna a jere har ƙarshen shafi na biyu. Malamar da nake zama da ita takan ɗora rula a kan layi tana bi da yatsa, saboda ido yana zamewa a shafi mai faɗi, sakamakon wani ya faɗa layin wani. Ba a goge kuskure a rajista, ba a shafa masa farin ruwa. Ja masa layi ɗaya ake yi yadda za a iya karanta abin da ke ƙasa, a rubuta daidai a gefe, a sa hannu da kwanan wata. Littafin da ya cika tsafta, babu gyara ko ɗaya, kuma duk da biro ɗaya da hannu ɗaya daga farkon wata zuwa ƙarshe, shi ne ma yake tayar wa mai bincike hankali, don alama ce ta an zauna an cike shi a dare ɗaya. Masu wannan sana'a suna da wata magana da suke maimaita wa juna: abin da ba a rubuta ba, ba a yi shi ba. Nas na iya yini tana gwada masu ciki har bayanta ya ƙage, in ba ta cike rajista ba, a idon Abuja ranar ba ta gwada kowa ba. Saboda haka rabin aikin akawu yawo ne. Da safe ya bi ɗakuna yana lallashi: "Sista, ki taimaka ki cike min na jiya." Yana bukatar haƙuri da sakin fuska, don waɗanda yake roƙo sun fi shi matsayi, kuma layin majinyata na jiran su a ƙofa.

A asibitocin da ke da kwamfuta, akwai zagaye na biyu: shigar da kowane fom cikin manhajar adana bayanan majinyata, irin su LAMISPlus da NMRS, daga nan a tura zuwa rumbun bayanai na ƙasa da ake kira NDR. Nan ne wuta da sabis ke shigowa cikin sana'ar. In babu wutar Nepa, sola ta yi sanyi, janareta kuma an tanade shi don ɗakin tiyata, takardu sai su taru. Akawu da yawa sun san wace kusurwa ta harabar asibiti ce sabis ke kamawa, kuma da wane lokaci.

Ƙarshen wata shi ne kakar wannan sana'a. A ja layi ƙarƙashin mutum na ƙarshe, a ɗauko fom ɗin taƙaitawa na wata, a fara ƙirge. Ba jimla ɗaya ake so ba. Sai an raba maza da mata, an raba shekaru gida-gida na biyar-biyar, an raba ta ƙofar da kowa ya shigo, sannan an raba masu layi ɗaya da waɗanda aka tabbatar suna ɗauke da ƙwayar. Ana ƙirgen ne da sanduna, huɗu a tsaye, ta biyar ta gitta. In an gama, jimlar da aka haɗa ta kwance dole ta yi daidai da wadda aka haɗa ta tsaye. Na ga ranar da mutum ɗaya tak ya ɓace tsakanin jimlolin biyu, Malama ta koma shafin farko ta sake bi, har aka kira magariba. Ashe wata yarinya ce aka rubuta mata shekara 19 a fom, aka rubuta 29 a rajista, ta faɗa gida biyu a ƙirge ɗaya. Na tambaye ta ko mutum ɗaya zai canza wani abu a lissafin ƙasa mai mutane sama da miliyan 200. Ta ce ita ba lissafin ƙasa aka ba ta ba, wannan littafin aka ba ta.

Bayan littafi ya yarda da kansa, sai a kai shi ya yarda da sito. A nan ne nake ganin gwanintar sana'ar. Kwalin Determine tsinke 100 ne, na Uni-Gold 20. A ce rajista ta nuna an gwada mutum 380, katin sito kuma ya nuna tsinke 460 sun fita. Ina 80? Wasu an yi amfani da su wajen gwada ingancin kwalin, wasu sun lalace, wasu wa'adinsu ya wuce. In duk an cire waɗannan da saura, to wataƙila takardun masu fita gari yin gwaji suna cikin jakar wani, ba su iso ba. Wannan mai sauƙi ne, a kira waya a karɓo. Wanda ya fi muni shi ne akasin haka: mutane a littafi sun fi tsinken da ya fita yawa. Da me aka gwada su?

A kan wannan tambaya ya kamata in tsaya, don ita ce jarrabawar sana'ar. Ƙungiyoyin da ke tallafa wa aikin sukan ɗora wa kowane asibiti adadi: a gwada mutum kaza a zango, a samo masu ɗauke da ƙwayar kaza. Ɗora adadi ba laifi ba ne, in ba shi aiki sai ya kwanta. Amma a Arewa maso Yamma, inda cutar ba ta da yawa, ana iya gwada ɗaruruwa ba a sami ko ɗaya ba, kuma mai gwajin da ke kan kwantiragi ya san ana duba lambobinsa kafin a sabunta masa. Daga nan shaiɗan ke shigowa. Ƙara layi goma a rajista ba ya ɗaukar rabin awa, kuma ba wanda zai yi kuka a ranar. Akawu ne ƙofar ƙarshe. In ya kau da kai, ƙaryar ta wuce. In ya ƙi, ya ɓata da abokan aikin da yake cin abinci tare da su. A ganina, akawun da ya rubuta sifili a inda sifili ne, ya sa hannu, ya kai wa shugabansa yana sane ba za a ji daɗi ba, ya yi aikin lafiya daidai da wanda ya ɗaura wa majinyaci ruwa.

Ramin ƙarya ƙurarre ne, gaskiya. Masu tantance inganci sukan zo daga jiha ko daga ƙungiya, su zaɓi wata ɗaya da ya wuce, su sake ƙirga rajista da hannunsu, su gwada da abin da aka aika. Su tsinci wasu lambobi su bi su har fayil, har ɗakin magani. Amma kafin a kama ƙarya ta riga ta yi ɓarna, domin da waɗannan alƙaluman ake rabon kaya. Asibitin da ya kumbura lambarsa za a tura masa kwalaye su lalace a sito, wani ɗakin shan magani a ƙauye kuma tsinke ya yanke masa, mai ciki ta zo awo ta koma ba a gwada ta ba. Uwar da ke ɗauke da ƙwayar in ba ta sami magani ba, yiwuwar ta sa wa jaririnta tana tsakanin kashi 15 zuwa 45 cikin 100. In ta samu a kan lokaci, tana sauka ƙasa da kashi 5.

Akwai kuma kuskuren da ba na ma'aikaci ba. Mutum ya san yana ɗauke da ƙwayar tun shekarun baya, amma ya tafi wani asibiti ya ce bai taɓa gwaji ba. Wani yana fatan a wannan karon a ce masa babu. Wani ya sha maganin wani mai magani da ya ce ya warkar da shi, ya zo ya gani. Wani ya bar shan magani, kunya ta hana shi komawa inda aka san shi. Ba wanda zai zarge su, tsoro ne da bege. Sai dai a littafi kowannensu na fitowa a matsayin sabon kamu, mutum ɗaya ya zama uku. Don toshe wannan ne aka shigo da na'urar ɗaukar zanen yatsa ga masu karɓar magani. Ta rage, amma yatsun manomi da na mai wanki da dakan hannu sukan shafe, sai an yi ta gogawa ana sakewa.

Cikin duk akwatunan rajista, akwai wanda Malama ta fi damuwa da shi: na can ƙarshe, inda ake rubuta lambar da aka ba mutum a ɗakin magani. Tun 2016 ƙa'idar Nijeriya ita ce duk wanda aka tabbatar yana ɗauke da ƙwayar a ɗora shi kan magani ba tare da jiran jikinsa ya yi rauni ba, in da hali ma a ranar. Maganin yanzu ƙwaya ɗaya ce a yini, kuma kyauta ake bayarwa. In wannan akwati ya zauna fayau, ma'anarsa wani ya ji labari mafi nauyi a rayuwarsa, ya fita ƙofa, ba a sake ganinsa ba. Burin da hukumar UNAIDS ta sa wa duniya, wanda ake kira 95-95-95, a kan wannan yake: kashi 95 na masu ɗauke da ƙwayar su san matsayinsu, kashi 95 na waɗanda suka sani su hau magani, kashi 95 na masu shan magani ƙwayar ta kwanta a jininsu. Tsakanin 95 na farko da na biyu, wannan ɗan akwatin ne gada. Duk mako Malama takan fitar da jerin waɗanda nasu bai cika ba, ta miƙa wa masu bibiya, waɗanda da yawansu su ma masu shan maganin ne, sun san yadda ake yi wa mutum magana a irin wannan hali.

Sai amana ta biyu, wadda ta fi ta lissafi nauyi. Rahoton wata ba ya ɗauke da suna ko ɗaya, amma fom ɗin da aka ciro shi daga ciki yana da suna, da unguwa, da lambar waya. Akwai ma wani littafi na daban, na gwajin iyali da abokan zama, inda wanda aka samu da ƙwayar, in ya yarda, yake faɗin waɗanda ya kamata a gwada: mata, miji, 'ya'ya, wani lokaci da wanda ba a san da shi ba a gida. A gidan da ke da mata uku, wannan shafi ɗaya ya isa ya rushe gidan in ya faɗa hannun da bai dace ba, shi ya sa kafin a tuntuɓi kowa sai an tambayi mace ko tana tsoron duka ko saki. Akawu yana ganin duk wannan. Kuma ba baƙo ba ne a garin. Wata rana zai buɗe fom ya ga sunan maƙwabcinsa, ko na wanda ke neman auren ƙanwar abokinsa. Ya rufe, ya shigar, ya kulle kabad, da yamma su haɗu a masallaci su gaisa kamar kullum. Hausawa sun ce ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba, kuma ban san sana'ar da ta fi wannan bukatar irin wannan ciki ba. Doka ma ta tsaya a kai: akwai dokar hana nuna wariya ga masu ɗauke da ƙwayar ta 2014, wadda ta haramta fallasa matsayin mutum ba da yardarsa ba, ga kuma dokar kare bayanan jama'a ta 2023. Amma ba tsoron doka ke riƙe bakin akawu a wurin biki ba, tarbiyya ce. A Kano, tun da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar gwaji kafin aure a 2024, masu zuwa da iyaye da waliyyai a bayansu sun ƙaru, kuma kowa so yake ya ji. Amsar ɗaya ce, cikin ladabi: "Alhaji, sakamako na mai shi ne, shi zai faɗa maka."

To ina kasuwar wannan kaya? Akawu ba ya kai komai kasuwa, amma rahotonsa shi ne kuɗin da asibiti ke sayayya da shi. Duk wata biyu ana cike fom ɗin rahoto da neman kaya, wanda ke cewa ga abin da muka yi amfani da shi, ga abin da ya rage, ga abin da muke bukata. In bai tafi ba, ko ya tafi da kuskure, mota za ta zo ba da kason asibitin ba. Rahoton wata kuwa, shugaban asibiti ya sa hannu, a kwanakin farko na sabon wata akawu ya hau adaidaita ko acaɓa ya kai sakatariyar ƙaramar hukuma. A can ake zaman tantancewa, kowa da littafinsa a hammata, jami'in sa ido na ƙaramar hukuma yana bi ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya tsallake sai a shigar da shi DHIS2, manhajar da Jami'ar Oslo ta ƙasar Norway ta ƙirƙiro, wadda Nijeriya da ƙasashe da dama ke tara alƙaluman lafiya a kanta. Daga nan ma'aikatar lafiya ta jiha da hukumar yaƙi da cutar ta jiha su gani, sai Abuja: sashen NASCP na Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya, da hukumar NACA, wadda ta fara a matsayin kwamiti a 2000 ta zama cikakkiyar hukuma a 2007. Akwai kuma hanya ta biyu, ta masu ba da tallafi. Shirin PEPFAR na Amurka, wanda Shugaba George W. Bush ya kafa a 2003, yana da nasa rumbun mai suna DATIM, ana cika shi duk wata uku, kuma shekararsa daga 1 ga Oktoba take farawa. Saboda haka akawu yana rayuwa da kalanda biyu a aiki, ban da ta Musulunci da yake azumi da ita.

Wanda ke shakkar cewa ƙirge na juya dukiya, ya dubi abin da ya faru a 2018. Shekaru da dama ƙasar na dogaro ne da gwajin masu ciki a wasu zaɓaɓɓun asibitoci don kimanta yawan cutar. Wannan ma'auni ya nuna kashi 1.8 cikin 100 a 1991, ya hau har 5.8 a 2001, sannan ya fara sauka, kuma an daɗe ana cewa masu ɗauke da ƙwayar sun haura miliyan 3. Sai aka yi babban binciken gida-gida mai suna NAIIS, aka kai ga mutum wajen dubu 220. Da Shugaba Muhammadu Buhari ya bayyana sakamakon a watan Maris na 2019, sai ga shi kashi 1.4 ne a tsakanin 'yan shekara 15 zuwa 49, kimanin mutum miliyan 1.9. Mata kashi 1.9, maza 0.9. Kudu maso Kudu 3.1, Arewa maso Yamma 0.6, Akwa Ibom da Binuwai a sama, Jigawa da Katsina a ƙasa. Bayan wannan aka sake taswirar aikin, aka karkata ƙarfi zuwa jihohin da cutar ta fi yawa kuma aka fi samun waɗanda ba su hau magani ba, irin su Ribas da Akwa Ibom. Irin wannan bincike mai tsada ba a yin sa kowace shekara. A tsakani, idon ƙasa shi ne littafin akawu.

Abin da sana'ar ke kawowa gida bai kai nauyinta ba. Masu yin ta kashi biyu ne. Akwai ma'aikatan gwamnati na sashen adana bayanai, masu rajista da hukumar da ke kula da sana'ar, suna kan albashi da fansho kamar sauran ma'aikatan lafiya. Akwai kuma waɗanda ƙungiyoyi ke ɗauka da kuɗin tallafi, su ne suka fi yawa a ɗakunan ƙanjamau, kuma alawus suke karɓa a kan kwantiragi na watanni. Babu fansho, kuma duk ƙarshen Satumba zuciya na bugawa, ko za a sabunta ko ba za a sabunta ba. Daga cikin wannan alawus ake cire kuɗin mota, wanda ya ninka tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, da kuɗin data in na ofis ya ƙare ana tsakiyar turawa, shi ma ya tashi da ƙarin kashi 50 da aka amince wa kamfanonin waya a farkon 2025. Ga ciwon ido da na baya. Ga damina, rufi na ɗiga, ana gudu da littattafai. Ga gara da ɓera. Ga kuma 'yar maganar unguwa, don wasu in sun ga mutum kullum yana shiga wannan sashe sai su yanke masa hukunci. Duk da haka sana'ar na da tsani. Wanda ya iya Excel sosai, ya san ma'aunai, kuma aka san ba ya ƙara ko ɗaya, yakan tashi daga mai shigar da bayanai ya zama mataimakin jami'in sa ido, ya zama jami'i mai kula da asibitoci da dama, har ya kai ofishin jiha. Kuma hannun da ya ƙware a nan yana aiki a shirin tarin fuka, da na zazzaɓin cizon sauro, da na rigakafi.

A watan Janairun 2025 ne masu wannan aiki suka ga yadda igiyar da suke rataye a kai take da siranta. Ranar 20 ga wata Shugaba Donald Trump ya sa hannu a umarnin dakatar da tallafin ƙasashen waje na kwana 90, kwanaki kaɗan bayan haka takardun tsayar da aiki suka iso, har rumbun DATIM aka rufe na wani lokaci. An yi sassauci daga baya don magani ya ci gaba, gwamnatin tarayya ta amince da Naira biliyan 4.8 don sayen magunguna, majalisa ta ƙara Dala miliyan 200 a kasafin lafiya. Amma a irin wannan hali, wanda ba ya riƙe allura shi ake fara sallama. Akawu da masu bibiya da yawa sun zauna a gida, hukumar USAID kuma aka rufe ta a watan Yuli. Ina ganin kuskure ne babba a ɗauki mai ƙirge a matsayin ƙari. Magani na iya kasancewa a sito, amma in ba mai duba littafi, wa zai san wane ne ya wuce ranar karɓarsa da kwana 28, har a bi shi? Lokaci ya yi da jihohi za su ɗauki waɗannan mutane aiki na dindindin, tun da horon ya riga ya zauna a hannunsu.

Malama tana cikin waɗanda suka ci gaba da zuwa a waɗancan makonni ba tare da sanin ko za a biya su ba. Da kwamfuta ba ta da inda za ta tura, ta koma kan takarda zalla, tana ɗaure fom-fom da roba, kowane mako da ƙunshinsa, ta rubuta kwanan wata a sama. Ranar da na koma wurinta ta ƙarshe, ɗaya ga wata ce. Ta riga ta ja layi ƙarƙashin watan jiya, ta rubuta sunan sabon wata, ta sa lamba 1 tana jiran fom na farko. Sai wata mai bibiya ta leƙo da 'yar takarda a hannu, ta ce, "Anti, waccan ta makon jiya ta zo, ta karɓa." Malama ta juya shafi biyu baya, ta ɗora rula, ta bi layin da yatsa har akwatin ƙarshe, ta kwafe lambar daga 'yar takardar, ta sa kwanan wata. Sannan ta ɗauko jerin da ke maƙale a bangon littafin ta soke layi ɗaya. Saura uku.